Amaryar da Gashinta Ya Ƙi Rabuwa

Wannan labari a kan cinyar Tasalla mai kitso na ji shi, kaina a sunkuye, tana ja mini gashi kamar mai cire ciyawa a gona. Duk wanda ya san Tasalla ya san bakinta ba ya hutawa, amma ba ta cika ƙarya ba, sai dai ƙari. Ga yadda ta ce abin ya faru. Ni ban rage komai ba, in ma na ƙara, ɗan gishiri ne.

Wata rana da hantsi ta gama yi wa matar mai unguwa kalaba, wadda, tsakaninmu, rabin gashin nan ba nata ba ne. Tana zaune tana goge kibiyar tsagarta da gefen zane, sai ƙasa ta tsage a tsakar gidanta, tsaga miƙaƙƙiya kamar wadda ake yi a tsakiyar kai. Wani saurayi ya fito, dogo, ja, ya naɗa rawani har ya rufe kunnuwa. Idanunsa a tsaye suke, ba a kwance ba. Yana janye da wata dabba mai ƙafa shida, girman bijimi, an ɗora mata sirdi.

Tasalla ta dubi dabbar, ta sake dubawa. Kwarkwata ce.

Saurayin ya yi sallama, ya ce, "Ya ke 'yar Adam, sunana Jatau, daga ƙasar aljanu na fito. An ce duk faɗin ƙasarku ba hannun da ya kai naki iya tsaga. Na zo neman taimako."

Tasalla ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan nan. Amma ka ɗan ja wannan baya. Ni da danginta akwai tsohuwar gaba."

Jatau ya ce, "Ta san ki. Ta ce ta yafe."

Daga nan ya durƙusa ya karanta mata damuwarsa. Ya ce, "Ki sani, mu a ƙasarmu ba a gane dangi da kamanni ko da tsagar fuska. Da gashi ake ganewa. Kowane aljani da adadin silin da aka halicce shi da shi, ba ya ƙaruwa, ba ya zubewa. Wanda gashinsa ya kasu layi biyu daidai, ba sili ko ɗaya da ya rage, ɗan gidan Biyu ne. Wanda nasa ya kasu uku, gidan Uku sun san da shi. Yarinyar da nake so, ita ma take sona, sunanta Kyallu. A cikin ƙwan jimina aka tsince ta a tsibirin gishiri, ba wanda ya san gidansu. Silin gashinta dubu hamsin da biyar da ɗari huɗu da arba'in da ɗaya. Ba a ɗaura aure sai da waliyyi, ba waliyyi sai da gida. In aka rasa gidan da zai ce tasa ce, ba aure, kuma za a mai da ita tsibirin ta zauna ita kaɗai. Ba a yarda aljana ta yi tsagar ba, don kowace tana da gidan da za ta so ta fifita. Sai hannun bil'adama."

To, wanda ya ce wa Tasalla akwai yarinyar da ba a san asalinta ba, ai ya gama ɗaure ta. Ko miyar da ke kan wuta ba ta sauke ba. Ta ɗauki kibiya da matsefi da ɗan kwanon man shanu, ta yi bisimilla, ta hau bayan kwarkwata, suka faɗa cikin tsagar ƙasa.

Suka ɓulla a wani daji wanda itatuwansa gashi ne baƙi, dogaye har sama, ƙasarsa kuwa tana da ɗumi kamar fata. A gindin wani tudu suka sami Kyallu zaune. Tasalla ta ce ta ga kawuna a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Gashin ya zubo ya wuce ƙugu, ya wuce diddige, ya malala a ƙasa kamar kogi, yana ƙyalli. Yarinyar ta rusuna ta gaishe ta, ta ce, "Sannu da hanya, Iya. Na wahalar da ke."

Tasalla ta ce, "Wahalar me, 'yar nan? Wa yake wanke miki wannan kai? Kin ga ƙasan duk ya bushe."

Jatau ya hura wa kibiyar iska, ta yi ja, ta huce. Ya ce daga yanzu duk yawan layin da ta ambata, in ta ja tsaga, silin za su jera kansu daidai, abin da ya rage ya tsaya shi kaɗai. Suka naɗe gashin Kyallu kamar gammo, suka hau su uku.

Da farko suka nufi gidan Biyu. Ƙasar nan rana biyu ce a samanta, kowa da inuwa biyu, ko kaza ƙwai biyu take yi a lokaci guda. A ƙofar gari wani takobi yana reto shi kaɗai, sai ya yi magana da murya kamar ana wasa wuƙa: "Ya ku matafiya, nan ba a shiga sai bibbiyu. In ɗaya ya rasa abokin tafiya, ni nake raba shi gida biyu." Tasalla ta duba, ga Jatau da Kyallu riƙe da hannun juna, ita kaɗai ta rage. Takobi ya fara saukowa. Sai ta yi tsalle ta rungume wuyan kwarkwata, ta ce, "Ga ƙawata nan! Tun muna yara muke tare!" Takobi ya koma sama. Ta ce mini tun daga ranar in ta kama kwarkwata a kan mutum sai ta ce mata yi haƙuri kafin ta murje.

Shugaban gidan, Biyu da kansa, tsoho ne mai sanƙo, sili biyu kacal a kansa, amma kowane ya kai kaurin igiyar guga. Ya ce, "Ya ke mai tsaga, ki raba mu gani." Tasalla ta zaunar da Kyallu tsakanin ƙafafunta, ta ce layi biyu, ta ja kibiya. Gashi ya motsa kamar tururuwa, rabi dama, rabi hagu. Sai ga sili ɗaya a ƙeya ya miƙe tsaye, ya ƙi bin kowa. Biyu ya girgiza kai, ya ce, "Mara ce, ba cika ba ce. Ba tamu ba ce."

Da suka fito Tasalla ta ce to a gwada gidan Huɗu. Jatau ya ce, "Huɗu ɗan Biyu ne, Iya. Shida da Takwas da Goma duk jikokinsa ne. Wanda Biyu ya ƙi, ba ɗayansu da zai karɓa. Manyan gidaje kaɗai za mu bi."

Gidan Uku a kan duwatsu uku yake, jere kamar murhu, wuta na ci a tsakaninsu, tukunyar gajimare na tafasa a sama. Hanya ta tsakiyar wutar ta bi. Tasalla ta shafe gashin Kyallu da man shanu, ta lulluɓe shi da mayafinta, kwarkwata ta runtse ido ta ratsa a guje. Gefen zanen Tasalla ya ƙone, har yau tana nuna wa mutane wurin. Uku tsohuwa ce mai faɗa, muciya a hannu. Aka ja layi uku, suka kwanta sumul, sili ɗaya ya miƙe a ƙeya. Uku ta ce, "Ku fice mini, tuwona zai yi gudaji."

Gidan Biyar a tafin wani hannu yake, hannun da ya fito daga ƙasa, kowane yatsa da unguwa a kansa. Can ma aka ja layi biyar, sili ɗaya ya rage. Nan take yatsun hannun suka fara naɗewa. Da ƙyar suka sulale ta tsakanin babban yatsa da manuni kafin hannun ya dunƙule.

Kafin a kai gidan Bakwai sai an haye koguna bakwai, ɗaya na nono, ɗaya na hayaƙi, ɗaya ma sama yake gudu. Na farkon ya ɗago kai daga ruwa ya ce, "Ya ku matafiya, mu ba ma ɗaukar kowa sai wanda ya ba mu labarin da ba mu taɓa ji ba." Jatau da Kyallu suka dubi juna, don duk labarin ƙasar aljanu kogunan sun riga sun ji. Tasalla kuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta ba na farko labarin ladanin da ya yi kiran salla da goro a baki, ta ba na biyu labarin abin da ya raba mai nama da surukarsa a ranar suna. Kafin su kai na bakwai, kogunan da suka wuce sun biyo su a baya suna cewa, "Sai me ya faru? Sai ta ce masa me?" Kada ku tambaye ni ko da sunana a ciki, ban tambaya ba. A gidan Bakwai kuwa, layi bakwai, sili ɗaya a tsaye, wancan dai na ƙeya.

Suka isa gidan Sha Ɗaya, ƙasar jan bango, katanga bayan katanga, ba itace ba tsuntsu. Aka ce mai gidan yana wanka, su jira a gindin wani bango mai ɗumi. Kyallu ta zauna, hawaye na bin kumatunta. Jatau ya koma gefe yana shafa kwarkwata don kada a ga idonsa.

Tasalla ta ce bari ta gwada kafin mai gida ya fito. Ta ce layi sha ɗaya, ta ja kibiya. Layuka suka kwanta gwanin sha'awa, sili dubu biyar da arba'in a kowane. Sai ga shi nan kuma, ya miƙe a ƙeya kamar yana mata gwalo.

To ku da kuka taɓa zama gaban mai kitso kun san abin da ake yi wa silin da ya ƙi shiga layi. Ba shawara ake yi da kowa ba. Tasalla ta naɗe shi a yatsa, ta ce, "Kai ne fitinannen," ta tsige shi. Kyallu ta ce, "Wash!" Kuma da yake ba a yar da gashin mutum a fili, kada maƙiyi ya tsinta ko tsuntsu ya kai sheƙa mai shi ya yi ta ciwon kai, sai ta dunƙule shi ta tusa a wani rami da ta gani a jikin bangon, ta danna da kibiya.

Ba ta gama goge hannu ba sai ƙasa ta ɗauki rawa. Sha Ɗaya ya fito da ruwa a jika yana cewa, "'Yata! 'Yata ce!" Ta gabas ga Biyu yana jan igiyoyin kansa, ga Uku da muciyarta, ga Biyar, ga Bakwai, kowa na cewa tasa ce. Bayansu ga 'ya'ya da jikoki, Huɗu da Shida da Takwas da Tara, Goma da Sha Biyu da Sha Shida, har manya masu dubban sili. Ashe da sili ɗaya ya fita, adadin Kyallu ya koma dubu hamsin da biyar da ɗari huɗu da arba'in, wannan kuwa adadi ne mai jama'a. Daga biyu har sha biyu ba wanda ba ya raba shi. Dangi ɗari da sha tara suka cika filin.

Tasalla ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ayyururui! Ana neman gida ɗaya, ga biyar!"

Guɗar ba ta sauka ba sai rawanin Jatau ya warware da kansa. Sili sha biyar ne a kansa, kuma duk sun miƙe suna nuna Kyallu. Ya fasa ƙara, ya ce, "Iya, me kika yi? Sha biyar yana raba ta! Na zama ɗan'uwanta na jini!"

Uku ta buga muciya a ƙasa, ta ce, "Ai kuwa. Aure ya haramta. Matso, ɗan nan, ka kama gashin ƙanwarka."

Al'adarsu ce in aka gano ɗan'uwa, kowane dangi sai ya kama gashinsa ya rataya, a nuna zumunci. Suka yi caa a kanta. Aljani kuwa nauyinsa gwargwadon silinsa ne, kuma in aka haɗa silin dangin nan gaba ɗaya, sun ninka na Kyallu sau uku har da ɗoriya. Yarinya ta fara nutsewa cikin ƙasa. Idon sawu ya shige, ƙwauri ya shige. Su kuwa ko a jikinsu, gardama suke yi a kan wa ta fi kama da shi. Wata gwaggo mai sili ɗari da goma tana cewa hancin nasu ne, wani kawu yana cewa tun tana cikin ƙwai ya san tasu ce, kunya ce ta hana shi faɗa. Dangi dai ko na aljanu ne, halinsu ɗaya.

Tasalla ta ɗora hannu a ka. Sai ta ji an ja gefen zanenta. Wani ɗan tsoho ne, tsawonsa bai wuce taɓarya ba, sili ɗaya tak a tsakar kansa, fari fat. Shi kaɗai ne bai rataya ba, ya ɗan taɓa bakin gashin da yatsa kawai.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ni ne Ɗaya. Kowa a nan jikana ne, shi ya sa ba mai tunawa da ni. Ina silin da kika tsige?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na adana shi. Yana cikin ramin bangon can."

Ɗaya ya ce, "Wancan ba bango ba ne. Mai gadin gidan nan ne yake barci. A hancinsa kika tusa."

Tasalla ta ɗaga kai, sai yanzu ta ga gira can sama kamar rufin rumbu, ga bangon yana ɗagawa yana sauka. Ta ce, "Na shiga uku." Uku ta waiwayo, ta harare ta, ta ci gaba da faɗanta.

Ɗaya ya ce, "Hannun da ya tsige shi ne kaɗai zai mayar. Ki yi sauri, ƙasa ta kai wa yarinyar ƙugu."

Ta tattare zane ta nufi ramin. Da ta matsa sai ya buɗe kamar kogo, iska mai zafi na fita, mai sanyi na shiga. Ta jira ya ja numfashi, iskar ta ɗauke ta ta jefa ciki. Ga gashin hanci ko'ina kamar karan dawa, kowane ya fi ta tsawo, ga santsi. Tana lalube tana addu'a, tana kuma zagin mai hancin a zuci don rashin tsafta. Can ƙurya ta hango ɗan dunƙulen yana ƙyalli, ya maƙale. Ta miƙa hannu bai kai ba. Ta miƙa kibiya ta zaƙulo shi, amma bakin kibiyar ya sosa wurin da bai kamata ba.

Kogon ya tsuke. Ta ji "Haa... haa..." Ta danƙe silin a hannu ta runtse ido. Mai gadi ya yi atishawar da ta rushe katanga biyu, Tasalla ta fito kamar ƙwallon goriba daga bakin yaro, ta bi ta kan dangi, ta faɗo a tsakiyar gashin Kyallu, wanda Allah ya sa yana da laushi. Mai gadi ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Ƙasa ta kai wa Kyallu wuya. Tasalla ta ture gwaggon nan mai maganar hanci, ta durƙusa, ta ce, "'Yar nan, ina ne yake miki zafi?"

Kyallu ta ce, "Ƙeya, Iya. Ɗan hagu. Ƙasa kaɗan. Nan!"

Tasalla ta lakato man shanu, ta warware silin, ta kafa gindinsa a gurbin, ta danna da babban yatsa. Ya kama, ya miƙe tsaye kamar da. Nan take hannuwan dangi suka sulluɓe, suka zube ƙasa kamar mangwaro. Kyallu ta taso daga rami. Kawun da ya san ta tun tana cikin ƙwai ya kakkaɓe riga, ya ce shi dama ya ga ba ta yi kama da su ba. Jatau ya tsinci rawaninsa, yana dariya yana kuka.

Sha Ɗaya ya ce, "To an koma inda aka fito. Ba ta da gida. A kai ta tsibiri."

Ɗaya ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ku dakata. Ba a gama tsaga ba. A kira sauran manyan gidaje."

Aka buga wata ganga, manyan gidajen suka dinga saukowa daga sama ɗaya bayan ɗaya. Tasalla ta zauna ta kama aiki. Gidan Sha Uku, sili tara suka rage. Gidan Sha Bakwai, huɗu. Gidan Sha Tara, sha takwas, saura ƙiris amma bai kai ba. Tana ja tana tsefewa, har yatsunta suka sage. Da aka zo kan gidan Ɗari Biyu da Talatin da Uku shi ma ya ƙi, sai ta ajiye kibiya, ta ce, "Ranka ya daɗe, in sai mun bi gidaje har dubu hamsin, ku aika a sauke mini miyata."

Ɗaya ya yi murmushi, ya ce, "An gama. Ke mai kitso ce, kin san in layuka suka yi yawa, silin kowane layi sai ya ragu. Duk gidan da ya fi wannan girma, in zai raba ta, sai silin kowane layi ya zama ɗan adadi kaɗan, ƙananan kuwa duk mun gwada su sun ƙi. Gida hamsin da ɗaya sun ce ba tasu ba ce. Ba sauran mai cewa."

Kyallu ta sunkuyar da kai. Jatau ya matso kusa da ita.

Ɗaya ya juya wajen manyan, ya ce, "Kai Bakwai, zo nan. Wane gida ne yake raba silinka?"

Bakwai ya yi tunani, ya ce, "Babu, Kaka. Sai kai, sai ni kaina."

"Ke Uku fa?"

Uku ta ce, "Ni wa ya isa ya raba ni?"

"Biyu? Biyar? Sha Ɗaya?" Kowa ya ce babu. Ɗaya ya ce, "To don me ba a kai ku tsibirin gishiri ba? Kun daɗe a kan kujera har kun manta yadda aka yi kuka hau. Wanda ba mai raba shi sai ni sai kansa, ba mara gida ba ne. Tushen gida ne. An daɗe ba a haifi irinku ba a kusa, don in adadi ya yi nisa kuna ƙaranci, shi ya sa kuka ga taku ba ku gane ta ba."

Kyallu ta ɗago, ta ce, "Kaka, to ni 'yar gidan wa ce?"

Ya ce, "Ke ce gidan, jikata. Waliyyi kuwa, wanda ya tsaya wa Biyu da Uku ranar aurensu shi zai tsaya miki. Ga ni."

Uku ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne, ta matsa ta ba Kyallu wuri a kan tabarmar manya. Aka ɗaura aure a nan take, Ɗaya ya bayar, Biyar ya karɓa wa Jatau. Kogunan nan bakwai ma sun zo, suka tsaya a bayan katanga suna leƙe.

Saura kitson amarya. Matan aljanu suka kewaye Tasalla, wata ta ce a yi zane, wata ta ce kalaba. Tasalla ta ce, "Ku rufa mini baki. Kan nan layi ɗaya yake karɓa, ko kuwa a bar shi a sake." Ta tattara gashin gaba ɗaya, har da fitinannen na ƙeya, ta yi masa doka guda, tun daga goshi har inda ya ƙare. 'Yan mata goma sha suka ɗauki jelar a kafaɗa suna bin amarya. Ta ce mini duk kitson da ta yi a duniya ba wanda ya kai wannan kyau, kuma da matar mai unguwa ta gani da ta kwanta ciwo.

Da za a mai da ita gida, amarya ta rako ta har gindin sirdi, ta riƙe hannunta, ta ce, "Iya, in Allah ya kawo rabo, ke za ki yi wa 'yarmu kitson fari."

Tasalla ta ce, "Da yardar Allah. Su naku jariran da gashi nawa suke zuwa?"

Jatau ya ce, "Na uwa ake ninkawa sau na uba. Tamu za ta zo da dubu ɗari takwas da talatin da ɗaya da ɗari shida da sha biyar."

Tasalla ta dubi yatsunta, ta dubi amarya, ta hau kwarkwata ta gyara zama. Ta ce, "Allah ya ba ku maza, 'yar nan. Akwai wani wanzami a bayan gidanmu, zan kwatanta muku ƙofarsa."